Kunkurun Ushiyama

Ushiyama Tokuo shi ne mutumin da ya ɗauki duniya ya saka ta a aljihun riga. Haka shugaban kamfaninmu ya faɗa a walimar ƙarshen shekara, da makirufo a hannunsa, muka tafa har tafukanmu suka yi ja. Shugaban ya riga ya sha abin da ya sha a lokacin, kuma bara waccan ma ya faɗi wannan maganar a kan wani mutum dabam, mai kula da batir. Abin da Ushiyama ya yi a zahiri shi ne, cikin shekara talatin da 'yan kai, ya rage kaurin idon kamara da misalin faɗin yatsa biyu. Yatsun mace, in ji abokinsa Gomi.

A garin Shimosuwa aka haife shi, nan bakin tafkin Suwa. Kakarsa ta yi aikin zaren siliki har yatsunta suka dahu a ruwan zafi. Ubansa ya haɗa agogo har idonsa ya daina ganin lokaci. Shi kuma ya tashi ya tarar garin ya koma kamara. Mu mutanen Suwa haka muke: duk sana'ar da duniya ke shirin yarwa, sai ta fara biyowa ta hannunmu mun kai ta ƙarshen kyau tukuna.

Ya yi karatun lissafi da na haske a jami'a, ya dawo gida, ya shiga kamfani tun zamanin kamarar fim. Ni ina sashen da ke rubuta ɗan littafin bayanin da ake sakawa a kwali, wanda mai saye ke jefarwa tare da ledar, saboda haka na sami lokacin kallon mutane. Ushiyama gajere ne, marar yawan magana, mai rigar aiki ruwan toka da alƙaluma uku a aljihu. Kullum taliyar soba yake ci a kantin ma'aikata, a kujera ɗaya, yana kallon bango. Shugaban sashensa na wancan lokaci ne ya haɗa shi da Sumie, wadda ke goge gilasai a layin haɗawa. Sun gana sau uku, ya yi mata bayanin yadda haske ke karyewa a cikin ruwa, ta aure shi duk da haka. Suka haifi 'ya ɗaya, Chiharu.

Idon kamara ba gilashi ɗaya ba ne. Jeri ne, takwas ko goma, kowanne yana gyara ƙaryar na gabansa yana ƙara tasa. Aikin mai zana shi kamar sulhu ne tsakanin magada: ka faranta wa wannan, wancan ya tashi. Ushiyama ya iya sulhun nan. Yana iya zama yini guda a gaban kwamfuta yana matsar da gilashi ɗaya gaba da baya da abin da bai kai kaurin gashi ba, in an tashi ya ce yau an yi aiki.

Da aka daina fim aka koma kamarar da ke nuna maka hotonka nan take, sai kasuwa ta haukace. Kowace bazara sabuwa, kowace kaka sabuwa, kuma gasar ɗaya ce: ta wa ta fi siranta. Mutanen talla sukan zo daga Tokyo da kwalin sigari, su ajiye a kan tebur su ce, "Kamar wannan." Wata shekarar suka zo da kwalin kati. Ushiyama yakan ɗauki kwalin, ya juya shi, ya rusuna, ya koma kujerarsa.

Gomi Shigeharu shi ke zana bututun da gilasan ke zama a ciki, masu shiga juna su fito. Ƙato ne, mai murya, kuma shi kaɗai ne a kamfanin ke kiran Ushiyama da Toku.

"Toku, gilashi goma sha ɗaya ka zana, ka ce in cusa su a kwalin ashana. In na gama ka kawo surukarka ma in nema mata wuri."

"Ita ba ta lanƙwasuwa."

"To kai fa? Tun da na san ka ban taɓa ganin ka lanƙwasu ba sai a gaban shugaba."

"Shi ma da ma'auni nake yi."

Wannan idon mai gilashi goma sha ɗaya shi ne aikin ransa. Yana jawo abu mai nisa ya kawo shi kusa ninki goma, in an kashe kamarar kuma ya shige ciki gaba ɗaya, wasu gilasan su kauce gefe su ba 'yan'uwansu hanya kamar mutane a ƙofar jirgin ƙasa, gaban kamarar ya koma sumul. A takarda lamba ce sunansa. Gomi ya ga yadda yake miƙo wuya ya mayar, ya sa masa Kunkuru, sunan ya bi shi. Ushiyama yana da shekara hamsin da biyar a lokacin. Kowa ya san shi ne babban idonsa na ƙarshe kafin ritaya, kuma abu ɗaya yake so a duniya: ya ga an ƙera Kunkuru, yana cikin kwali, a kanti.

To akwai wata al'ada a kamfaninmu, ba a rubuce take ba, shi ya sa ba mai iya karya ta. Kafin a tura ido masana'anta, sai an yi zaman dubawa. A bayan ginin akwai wata tsohuwar bishiya. A ƙarshen hunturu, lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya, akan ɗauki hoton rassanta a gaban farin sama, domin babu abin da ke tona asirin ido kamar siririn reshe baƙi a kan fari. A wanke hoton ya kai girman ƙofa, a manna a bango, kowa ya tsaya da hannu a baya yana kallo.

Ba a barin aikin babba ya wuce da shiru. Shiru yana nufin ba ka ga ya isa ka duba ba. Saboda haka dole shugaban sashe ya nuna wani ɗan aibi guda, na girmamawa. Mai zane ya rusuna ya ce, "Na gani, na gode, za a gyara a na gaba." A tafa, ido ya tafi masana'anta. Don kada a wahalar da kowa, mai zanen ne da kansa ke tarar shugaba tun kafin zaman, a wajen shan sigari ko a matakala, ya ce masa, "Kusurwar ƙasa ta dama ta ɗan yi laushi." Shi ke nan. Kamar mai gida ne ya nuna wa baƙo takalmin da zai saka.

Ushiyama ya yi hakan sau da yawa. A kan Kunkuru ne kawai bai yi ba, saboda ya duba ya sake dubawa bai sami abin da zai ba shugaba ba, kuma ba ya iya ƙirƙira.

Shugaban sashen sabo ne, Yajima, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ushiyama ne ya koya masa aiki tun daga yadda ake riƙe gilashi a gefe. A da Yajima-kun yake ce masa, yadda ake kiran na ƙasa da kai, ranar da aka ɗaga shi ya koma ce masa Shugaba, shi kuma Yajima bai taɓa daina ce masa Malam ba. Yajima ya yi ta kai-kawo a matakala mako guda yana jira. Har sigari ya saya, alhali ba ya sha. Malam bai zo ba, kunya kuma ta hana shi tambaya.

Ranar zaman muna wajen mutum talatin a ɗakin. Hoton ya yi kyau har ya ba da tsoro. Yajima ya tsaya a gabansa ba shi da komai a hannu, dole ya nema da gaske. Ya bi tsakiya, babu. Ya bi gefe, babu. Ya karɓi madubin ƙara girma, ya hau kujera, ya kai fuskarsa kusurwar sama ta hagu, ya daɗe. Abin takaicin shi ne an koyar da shi da kyau.

"Malam, a nan, a gefen wannan reshen, kamar akwai ɗan zare ruwan shuni."

Ya sauko yana murmushi, ya ɗauka ya tsira. Har wasu sun ɗaga hannu za su tafa.

Ushiyama ya karɓi madubin, ya hau kujerar. Muka ji ƙarar injin ɗumama ɗaki. Gomi ya yi tari, ya ce ƙasa-ƙasa, amma ƙasa-ƙasan Gomi ana jin sa a ƙofa, "Ka ce ka gani, Toku. Ka ce ka gani mu je mu ci abinci."

Ushiyama ya sauko, ya daidaita ƙafafunsa, ya rusuna har muna ganin tsakiyar kansa.

"Ban gani ba. Ina neman gafarar kowa. Na janye Kunkuru."

Fuskar Yajima ta koma kamar takarda. "Malam, ai ba wani abu ba ne. Wannan ko shaho ba zai..."

"Shugaba ya gani. In Shugaba ya gani, yana nan."

Nan magana ta tsaya. Yajima ba zai ce a gaban mutum talatin aibin na wasa ne ba, don in ya faɗa, duk zaman da aka yi tun kafa kamfani sun zama wasa. Ba zai kuma ba malaminsa umarni a bainar jama'a ba. Kowa ya san abin da ya kamata a ce, kowa kuma ya san ba shi ne zai ce ba. Muka rusuna wa juna muka watse.

Ranar Lahadi Yajima ya je gidan Ushiyama da kwalin alewa. Sumie ce ta ba ni labarin daga baya. Ta kawo shayi da ganyen tsami, ta zauna a bayan ƙofa. Suka yi hirar sanyi, suka yi hirar tafkin da ya ƙi daskarewa bana. Can Yajima ya dafa tabarma da hannu biyu ya ce in Malam zai yi haƙuri a fitar da Kunkuru a kakar nan, kamfani zai ɗauka alheri ne. Ushiyama ya ɗauko takarda ya zana masa yadda shuɗin haske da ja ke ƙin haɗuwa a wuri ɗaya in sun shigo ta gefe. Yajima ya ce ya gane, ya gode, ya tafi.

"Baban Chiharu, mutumin nan roƙo ya zo yi, ka ba shi darasi."

"Ya manta wasu abubuwa."

"Wai ni in tambaye ka. Wane ne zai ɗauki hoton reshe, ya wanke shi kamar ƙofa, ya hau kujera ya bi kusurwa da madubi?"

"Ni."

"To kai kamara nawa za ka saya?"

Ya ce tsamin ganyen bana ya yi daidai.

Don a kashe zaren nan sai an sauya gilashi ɗaya. Da ya sauya ɗaya, goman suka tayar da rigima. Da ya lallashe su, Kunkuru ya ƙara kauri, ya ƙi shiga ɓawonsa. Gomi ya sake zana bututu daga farko yana zagi.

"Na rantse da kabarin ubana, Toku, in ka sake taɓa gilashi na bakwai, da shi za a binne ka."

"Na shida zan taɓa."

Kaka ta wuce, aka saka wa sabuwar kamarar tsohon ido. Bazara ta wuce. Aka yi odar wani gilashi na musamman, kafin ya iso ambaliya ta cinye masana'antar da ke haɗa mana kaya a Thailand. Wata kakar ta wuce. Mutanen talla suka daina zuwa da kwalin kati. Daga baya suka daina zuwa.

A bikin Chiharu na fara gane inda aka dosa. Amarya ta shigo zauren otal, haske a kanta, sai na ga hannuwa sun tashi sama kamar shuka, kowane hannu da waya. Mu 'yan kamfani mutum takwas ne a zauren, masu cin abinci da kamara, bakwai waya muka ɗaga. Na takwas Ushiyama ne a babban tebur, da baƙar kwat. Kunkuru na gwaji yana aljihunsa, na ga tudunsa. Chiharu ta zo wucewa ta sunkuyo.

"Baba, ka ɗauke ni da naka mana. Shekara nawa muna cin abinci da shi a tebur ɗaya."

Ya sa hannu a aljihun, ya daɗe, ya fito da hannun ba komai.

"Ba a gama shi ba."

Ta yi dariya, ta ce da ma ta sani, ta wuce. Sumie ba ta yi dariya ba.

Shekarar da ta biyo baya aka rufe sashen ƙananan kamarori. Kamfaninmu ba ya korar mutum, wannan abin alfaharinmu ne. Sai dai a ba ka tebur a bakin taga, da waya marar ƙara, da sabon katin suna. Aka buɗe mana Ofishin Nazarin Gobe a hawa na uku, mu biyar, duk masu furfura. Tagar tana kallon filin da manyan motoci ke lodi a da. Ɗayanmu ya koyi yanke farce a hankali yadda zai kai shi azahar. Wani ya karance jaridar kamfani tun daga fitowar farko. Gomi ya ce shi ba tukunyar fure ba ne da za a ajiye shi a taga, ya ajiye aiki ya koma gonar tuffa ta wansa. Yajima aka mayar da shi sashen kamarorin tsaro, yakan gan mu a matakala ya rusuna ya ƙara sauri.

Ushiyama kuwa bai lura an yi masa komai ba, ko kuma ya lura ya ga ba lokacin magana ba ne. Ya nemi a bar masa tsohuwar kwamfutarsa, aka bar masa tun da ba mai so. Teburina yana kusa da nasa. Da safe ya rataye kwat, ya saka rigar aiki, ya ci gaba da matsar da gilashi na shida. Babu wanda ya hana shi, domin hana shi ma aiki ne, kuma ba a ɗora wa kowa ba.

A hunturu na biyu a bakin taga ya kashe zaren. Ya roƙi tsofaffin ɗakin gwaji suka goga masa gilasan a lokacin hutunsu, Gomi ya zo daga gona da ƙasa a farce ya haɗa. Ya ɗauki hoton bishiyar, ya wanke, ya manna a bangon ofishinmu da kansa. Ya kira zaman dubawa. Mu huɗu ne: shi, da ni, da Gomi, da Yajima da ya zo da guntun numfashi.

Muka sa hannu a baya. Yajima ya tsaya a gaban hoton idonsa a kan takalminsa.

"Babu aibi, Malam."

"Shugaba bai duba ba."

"Na duba."

"Ga kujera. Ga madubi."

"Malam, don girman iyayenka ka bar ni. Ba zan sake hawa kujerar nan ba."

Ushiyama ya tsaya da madubin a hannu. A al'adarmu an zage shi kenan, kuma wanda ya fi kowa ganin girmansa ne ya zage shi. Sai Gomi ya ja tsaki, ya matsa, ya dangwala yatsa a tsakiyar hoton har ya bar tabo.

"Kawo ni in faɗa. Ga aibi nan. Hoton bishiya ne, ba ganye, ba tsuntsu, ba kowa. Ko matarka ba za ta rataya shi ba."

Ushiyama ya juya gare shi, ya daidaita ƙafafu, ya rusuna.

"Na gani, na gode, za a gyara a na gaba."

Ba wanda ya tafa. Ni na fara ɗaga hannu, na ga ni kaɗai ne, na sosa kunne.

Ranar da ya cika sittin ya yi ritaya, aka ba shi furanni a bakin ƙofa. Da Yajima ya raka shi mota, sai Ushiyama ya riƙe hannun rigarsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Yajima-kun. A ƙera shi. Ko kaɗan ne, ko a ina ne. Kada ya mutu a aljihuna."

Yajima ya yi alkawari. Daga nan ya zama duk inda aikin kamfani ya kai shi, Osaka ko Taiwan, in an gama maganar kamarorin tsaro sai ya buɗe jaka ya ce yana da wani abu kuma. Mutane sukan karɓa, su kunna, wuya ya fito, su ce kai, abin sha'awa, su kashe, su miƙa masa da hannu biyu.

A gida Ushiyama ya zama abin da Sumie ke kira jiƙaƙƙen ganye, wanda ke manne wa tsintsiya. Ta shiga kicin yana bayanta, ta fita shanya yana riƙe da kwando. Ya gwada noman tumatir, ya tumɓuke su saboda ba su fito a layi ba. Kowace safiya yakan ɗauko Kunkuru daga akwatinsa, ya kunna, wuya ya fito, ya kashe, ya koma, don kada man bututun ya bushe. Bai ɗauki hoto da shi ba. Ya ce na gwaji ne, na gaske yana zuwa.

"Ka ɗauki jikanka mana, kafin ya yi gemu," in ji Sumie.

"In na kwali ya fito."

"To ka bar wasiyya a ɗauke shi da shi."

Bayan wasu shekaru Yajima ya buga waya. An sami mai so. Wani kamfani a Shizuoka ya sayi zanen, har sun fara ƙerawa, kuma sun ce mai zanen yana iya zuwa ya gani. Ushiyama ya tambayi irin kamarar, Yajima ya ce ta masana'anta ce, layin wayar ba ya da kyau, sai an zo.

Muka hau jirgin ƙasa mu uku, shi da ni da Gomi. Ya saka baƙar kwat ɗin bikin Chiharu, ta yi masa yawa yanzu. Ya sayi kwalin alewa mafi girma a tasha. Ban taɓa jin ya yi magana kamar ranar ba. Ya ce wataƙila ta likitoci ce. Ya ce ko ta masu duba gada, su tsaya a ƙasa su jawo tsaga daga sama, ninki goma zai yi musu amfani. Gomi ya ce wataƙila ta 'yan leƙen asiri ce, Toku zai mutu a kurkuku da daraja.

Wata injiniya mai suna Kuwabara ta tarbe mu, mace mai fara'a. Ta karɓi alewar da hannu biyu, ta ce girmamawa ce babba. Aka ba mu fararen riguna da hular leda da takalman roba, aka fesa mana iska. Da aka buɗe ƙofa ta ƙarshe sai ga ƙwai. Ƙwai iya ganinka, layi shida, suna tafiya a kan bel suna juyawa, fitila tana haska su ta ƙasa. A saman kowane layi akwai akwatin ƙarfe, a gindin akwatin wani ɗan ido yana kallon ƙasa.

"Ga shi nan," in ji Kuwabara da ƙarfi saboda ƙarar inji. "Yana duba tsaga da ɗigon jini. Wanda ya gani da aibi, iska ta ture shi gefe. Ba ya kuskure, Ushiyama-san."

Ushiyama ya ɗaga kai ya kalli akwatin, ya daɗe, sannan ya rusuna masa kaɗan, kamar ya haɗu da tsohon maƙwabci a asibiti. Ta kai mu gaban allon da ke nuna abin da idon ke gani. Ƙwai ɗaya a tsakiya, ya wuce, wani ya zo. Toka-toka, baƙi da fari.

"Allon ne ba ya nuna launi?"

"A'a, kamarar ce. Tsaga ba ta buƙatar launi."

"Kusurwoyin fa?"

"Muna yanke su. Ƙwan a tsakiya yake."

"Haka ne," in ji shi. "A tsakiya yake."

Ya nemi a kashe a kunna ya ga fitar wuyan. Ta ba da haƙuri, ta ce ba a tsayar da layi sai ranar wanki. Ya ce ya gane, aiki ya fi gaban kallo. Yayin da take nuna mana inda ake jera ƙwai a kwali, na ga Gomi ya hau ɗan tsani ya leƙa cikin akwati ɗaya ta murfin gefe. Ya sauko bai ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba. Aka sallame mu da ƙwai kwali guda-guda.

A jirgin dawowa Ushiyama ya ɗora nasa a cinya ya riƙe da hannu biyu. Da muka wuce tasha uku sai ya juyo gare mu.

"An ƙera shi dai."

"An ƙera," na ce.

"Launin ba komai. Kusurwar ma ba komai. Amma ka duba, Gomi, kowace safiya in sun kunna, bututunka za su fito ɗaya bayan ɗaya, gilasan su koma layi. Da yamma su kauce wa juna su shige. Guda shida a lokaci ɗaya. Wannan ba wanda ya taɓa yin sa a wannan kaurin."

"Ba wanda ya taɓa," in ji Gomi, yana kallon taga.

"Ranar wanki zan dawo in gani."

"Ka bari sai ɗumi ya yi, tsoho. Ƙafarka ba ta son sanyi."

Bai koma ba. Ƙafar ce ta fara, sannan sauran jikin. Yana nan a Shimosuwa, a ɗakin ƙasa, Sumie tana juya shi. In ka je gaishe shi zai gaya maka idonsa yana aiki a Shizuoka, guda shida, safe da yamma.

Ni sai da kakar tuffa ta zo na je gonar Gomi na tambaye shi abin da ya gani a akwatin. Ya ci gaba da tsinka, ya ce ƙwai ba ya matsowa, ba ya ja da baya, kullum nisansa ɗaya. Tun a wajen haɗawa suke fito da wuyan, su cire ɗan injin da ke motsa shi, su liƙe bututun da gam.